A harbe su kawai? Maganar hukuncin kisa ga waɗanda ake zargi da ta'addanci

Duk sanda aka kai wani mummunan hari a ƙasar nan tamu Nijar, tun ma ba a gama zaman makokin kwana uku da hukuma ke sawa ba, magana guda ce ke cika Wasap da fadodin shayi daga Birni har Zango da Garin Malam, unguwannin Damagaram: wai dan me ake ajiye su a kaso ana ciyar da su da kuɗin talaka, a fito da su fili a harbe kowa ya gani mana. Kuma ni dai ban ga laifin mai faɗin haka ba. Wanda ƙanensa soja ne ya tafi Inates bai dawo ba, inda aka rasa sojoji 71 ranar 10 ga Disamba 2019, ko Cinagodar da aka rasa 89 bayan wata guda kacal, ko mai dangi a ƙauyukan Tiliya da aka kashe mutum 137 cikin Maris 2021, in ka zo mishi da dogon faransancin haƙƙin ɗan adam gani zai yi izgili kake mishi. Mu nan Damagaram ma ba a rediyo kawai muke jin abun ba, titin Difa ta gabanmu ya bi, Mirya, Gidimuni, Gure, Gudumariya har Maine, kuma tun 6 ga Fabrairu 2015 da Boko Haram ta faɗa ma Boso da Difa muke ganin masu tafiya da masu dawowa, harda waɗanda ba su dawo ba.

To amma mu ɗan natsu mu warware zaren, dan maganar ta fi yadda ake yinta a fada sarƙaƙiya.

Da yawan masu cewa a kafa dokar kisa ba su san tana nan ba. Hukuncin kisa bai taɓa fita daga kundin dokokin Nijar ba, har yanzu kotuna na yanke shi, kuma dokokin yaƙi da ta'addanci da aka shigar tun 2011 sun tanade shi ga harin da ya ci rai. Zartarwar ce aka daina. Rabon da a harbe wani da sunan hukuncin kotu tun 1976, zamanin Seyni Kunce, bayan yunƙurin juyin mulkin watan Maris na shekarar, lokacin da aka harbe su Kwamanda Musa Bayere da Kyaftin Sidi Mohamed. Ku riƙe wannan zan dawo kanshi, dan rigimar mulki ce ta kai su gaban bindiga. Daga nan abun da ake yi shine alƙali ya yanke kisa, mutum ya zauna kaso, wata rana shugaban ƙasa ya sa hannu a mayar da shi ɗaurin rai da rai. A Disamba 2010 zamanin riƙon ƙwaryar Salu Jibo an so a soke hukuncin kwata-kwata, majalisar tuntuɓa ta lokacin ta ƙi amincewa. A 2014 kuma Nijar ta jefa ƙuri'ar goyon bayan dakatar da zartarwa a Majalisar Ɗinkin Duniya. Kenan ba a soke ba kuma ba a aikatawa, kusan shekara hamsin muna tsaye a nan. Najeriya ma kusan haka take, mutum sama da 3000 ke jiran gawon shanu a gidajen yari dan gwamnoni ba su son sa hannu, zartarwa ta ƙarshe da aka sani a jihar Edo ce cikin Disamba 2016.

Wurin da gardamar ke cakuɗewa shine mutum uku ake haɗawa a suna ɗaya. Akwai wanda ya zo da bindiga soja ya tare shi a fagen daga, wannan babu mai musu a kanshi, yaƙi ne. Akwai wanda aka kama, aka yi ankat wato bincike, aka kawo shaidu, alƙali ya tabbatar shi ya kashe. Sannan akwai na uku wanda zargi ne kawai a kanshi, kuma shine ya fi yawa nesa ba kusa ba. Mai cewa a harbe su yana hango na farko a ranshi, amma hukuncin kan na ukun zai fi sauka.

Ta yaya mutum ke zama wanda ake zargi? Ku tuna yadda Difa ta kasance bayan an kafa dokar ta-ɓaci a Fabrairu 2015. An hana hawa babur, an hana cinikin tattasai da kifi dan an ce da su ake ciyar da 'yan tada ƙayar baya, bayan harin tsibirin Karamga na 25 ga Afrilu kuma aka ba mutanen tsibiran tafkin Cadi 'yan kwanaki su tashi. A irin wannan ruɗani kamu ba shi da wuya. An ga lambarka a talhon wani da aka kashe, ko ka sayar da esansi ga baƙon da ba ka sani ba, ko an tare ka da buhun kifi, ko kuma maƙwabcin da kuke rigimar gona ko ta mata ya je ya raɗa ma jami'ai cewa kai ɗan leƙen asirinsu ne, shikenan sai mota. Ga makiyayi da aka tsare da bindiga aka ce ya ba da saniya wai zakka, in ya ƙi a yanka shi a gaban 'ya'yansa, in ya bayar kuma doka ta ce ya tallafa ma ta'addanci. Wannan mutumin ina za a sa shi?

Sannan a kwaso su zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 1300 daga Difa, dan can ne sashen alƙalai na musamman kan ta'addanci yake, a zuba su kason Kolo ko na Kutukale. Shaidu suna can Boso ko sun watse sansanonin gudun hijira, sojan da ya yi kamun an canza mishi wurin aiki ko shi ma ya rasu, dosiye ɗin wani lokaci bai wuce 'yan layuka ba, wanda ake tuhuma ba ya jin faransanci sai barbarci ko budumanci, komai sai ta bakin tafinta, aboka kuma, wato lauyoyi, kusan dukansu a Yamai suke, ɗan ƙauye ina ya ga kuɗin ɗaukarsu. Da aka fara zaman shari'o'in gadan-gadan a 2017 mutane da dama aka sallama dan babu hujjar da za ta riƙe su, bayan sun sha shekaru a tsare. Lissafin Najeriya ya fi fitowa fili: a zaman farko na shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin Kainji cikin Oktoba 2017 mutum 45 aka samu da laifi, aka sallami 468, a zama na biyu cikin Fabrairu 2018 aka ɗaure 205 aka saki sama da 470. Kotun gwamnati ce fa da kanta ta sake su, ba wata ƙungiyar Turawa ba. Da ranar da aka kama su aka bi shawarar fada, duk waɗannan da suna ƙasa, kuma da babu wanda zai taɓa sanin an yi kuskure, dan gawa ba ta ɗaukaka ƙara.

Kamaru ta gwada hanyar zafi. Cikin Disamba 2014 ta yi dokar ta'addanci mai hukuncin kisa ta miƙa shari'ar ga kotun soja, ba a jima ba aka yanke ma mutane da yawa kisa daga yankin Arewa Mai Nisa. Masu sauraren sashen Hausa na RFI ba za su manta da Ahmed Abba ba, wakilinsu da aka kama a Marwa cikin Yuli 2015, aka tuhume shi ƙarƙashin wannan doka har mai gabatar da ƙara ya nemi a kashe shi, aka ɗaure shi shekara 10 a 2017, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage ya fito ƙarshen wannan shekarar. Shi yana da gidan rediyo da duniya a bayansa. Mai sayar da kifi a Gigime wa gare shi?

Yanzu bari in ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsu, dan suna da hujja mai nauyi wadda masu adawa ke son tsallakewa. Hujjar ita ce ɗan ta'addan da ke raye a kaso bai gama zama barazana ba. A Yuni 2013 an fasa kason Yamai wasu manyansu suka sulale. Kutukale da ake ce ma mai tsananin tsaro an kai mata hari a Oktoba 2016, aka sake a Mayu 2019, sannan a Yuli 2024 fursunoni suka tsere har aka sa dokar hana fita a yankin. A kason Kuje kusa da Abuja ranar 5 ga Yuli 2022 ɗaruruwa suka fice harda gomman 'yan Boko Haram. Ga kuma musaya: a Mayu 2017 an saki kwamandoji aka karɓo 'yan matan Cibok 82, a Oktoba 2020 Mali ta saki kusan fursunoni 200 dan a karɓo madugun 'yan adawarta Sumaila Sise da wasu Turawa. Sojan da ya sa ransa ya kama mutum, bayan shekara biyu ya sake haɗuwa da shi a daji riƙe da bindiga, wallahi ba abun da za ka faɗa mishi ya huce. Kuma akwai haɗarin da ba a cika faɗi ba, in soja ya yanke ƙauna da jastis zai daina kawo kamammu da rai.

Na yarda da rabin wannan. Sauran rabin shine ko an yanke ma mutum kisa ba washegari ake zartarwa ba, akwai ɗaukaka ƙara, akwai neman afuwa, zai shekara da shekaru a kason nan dai da ake tsoron a fasa, sai dai in za a yi irin ta Cadi da ta harbe su washegarin hukunci. Kuma musayar da ke ƙona rai ita ce dai wani lokaci ke dawo da namu da rai, uwar yarinyar Cibok ba za ta ce an yi asara ba. Kaso da ake fasawa maganinsa ganuwa da gardi da albashin da zai hana a saye su, ka harbe na ciki ka bar ƙofar yadda take an bar jaki ana dukan taiki kenan.

Cadi ɗin ita ce misalin da ya fi kusa da mu kuma ya fi koyarwa. Bayan hare-haren bam na Injamena a Yuni da Yuli 2015, majalisa ta yi dokar kisa kan ta'addanci, aka gurfanar da mutum 10 cikinsu harda Bana Fanaye, wani jigon Boko Haram, shari'ar ba ta wuce kwana uku ba, aka yanke hukunci 28 ga Agusta aka harbe su 29. An yi tafi sosai lokacin. Ba a yi wata biyu ba, 10 ga Oktoba, 'yan ƙunar baƙin wake suka tashi bam a kasuwar Baga Sola da wurin 'yan gudun hijira mutum wajen 40 suka mutu, a Maris 2020 kuma aka kashe sojojin Cadi kusan 100 a Bohoma. Abun mamaki, wata guda bayan Bohoma, a Afrilu 2020, majalisar Cadi ta cire hukuncin kisa daga dokar ta'addancin, zamanin Idris Debi da ba wanda zai ce mishi mai sanyin hannu. Cikin wannan watan ne kuma aka wayi gari 44 daga mutum 58 da aka kamo a yankin tafki sun mutu a ɗakin da aka tsare su a Injamena, tun ba su ga alƙali ba.

Batun wai kisa zai tsoratar da na baya, a nan nake da shakka ƙwarai. Yaron da aka ɗaura ma bam aka ce mishi aljanna na jiranshi, da me za ka tsorata shi? Mutuwar yake nema, kai kuma ka ba shi ita harda taron jama'a, gobe 'yan uwansa su yi bidiyo su kira shi shahidi. Kowa ya san abun da ya biyo bayan kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri ranar 30 ga Yuli 2009, duk da shi ba ma ta kotu aka bi ba, amma kisan nan ya zame ma Shekau jarin wa'azi na shekaru. Inda tsoro zai iya aiki shine kan masu yi dan kuɗi, dillalan makamai, masu kai esansi da magani daji, masu ba da rahoton motsin soja. Su ma abun da ke hana su barci shine tabbacin za a kama su kuma ba wani babba da zai buga talho a sake su, in wannan tabbacin babu ko me aka rubuta a kundi ba ya damunsu.

Sai addini, wanda a garinmu shine ke yanke gardama, kuma kowane ɓangare na jan shi wajensa. Gaskiya ne musulunci bai haramta hukuncin kisa ba, duk mai cewa haka bai yi karatu ba. Aya ta 33 cikin Suratul Ma'ida ta yi maganar masu yaƙar Allah da Manzonsa suna ɓarna a bayan ƙasa, ta jero kisa da tsirewa da yanke hannu da ƙafa a saɓa da kora daga ƙasa. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, ɗan hiraba in ya kashe rai to sai an kashe shi, ko dangin mamaci sun yafe ba ta tsaya ba dan haƙƙin jama'a ne, in bai kashe ba shugaba ya duba ya zaɓi hukuncin da ya dace. Har nan masu cewa a kashe suna da gaskiya. Amma malaman da suka karantar da wannan babin su ne suka karantar da cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha, kuma gara shugaba ya yi kuskure wajen yafiya da ya yi kuskure wajen uƙuba, sai da shaidu adalai ko iƙirari, kuma galibin malamai ba su karɓar iƙirarin da duka ya fitar. Alƙali ne ke yankewa, ba taron fada ba, ba kuma wanda ya yi kamun ba. Ayar da ke biye, ta 34, ta cire waɗanda suka tuba tun kafin a ci ƙarfinsu. Masu tura aya ta 33 a Wasap ban cika ganin sun haɗa da ta 34 ba.

Akwai kuma tambayar da mutane ke yi ƙasa-ƙasa: wa ke faɗin wane ne ɗan ta'adda? Kalmar tana da faɗi, kuma kowace gwamnati na ƙara mata. Musa Cangari na ƙungiyar farar hula an tsare shi a Mayu 2015 zamanin shugaba Isufu bisa zargi mai alaƙa da ta'addanci bayan ya soki yadda aka kwashe mutanen tsibirai, aka sake kama shi a Disamba 2024 zamanin soja da tuhumar da ta haɗa da yabon ta'addanci. Gwamnati biyu da ba su ga maciji, mutum ɗaya, zargi iri ɗaya. A Agusta 2024 an kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cin amanar ƙasa, wanda shiga cikinsa kan iya kai mutum ga rasa takardar zama ɗan ƙasa tun kafin hukuncin ƙarshe. Burkina da ta soke kisa a 2018 ta kama hanyar maido shi, kuma a jerin laifukan da aka ambata ta'addanci na tafe ne tare da cin amanar ƙasa da leƙen asiri. Ba ina cewa wane mai gaskiya ne wane mai laifi ba, wannan aikin kotu ne. Ina dai tuna muku 1976 ɗin can, kuma a ƙasar da mulki ke yawan canza hannu, mai goyon bayan buɗe wannan ƙofa yau ya sani bai san wa zai riƙe makullin gobe ba.

Ni inda na tsaya, ban ce a goge hukuncin daga kundi ba. Wanda ya shiga masallacin ƙauyen Fambita na jihar Tilaberi ranar Juma'a cikin azumin 2025 ya kashe masallata 44, in an kama shi an tabbatar da hujjar da ba ta da ƙura, ba ni da bakin roƙa mishi. Amma kafin a kai ga sa hannu sai a nuna mana kotun da ke iya bambance shi da makiyayin da aka ƙwace ma saniya: alƙalan ta'addanci su riƙa zama Difa da Damagaram da Tilaberi kusa da shaidu kamar yadda aka taɓa kai zaman Difa a 2018, jandarma mai ankat ya bi soja fagen daga ya tattara hujja tun da zafinta, a kare mai ba da shaida dan kar a bi shi gida a yanka, kowane wanda ake tuhuma a ba shi aboka da tafinta. Duk wannan kuɗi ne da wahala, shi ya sa ba a cika jin shi a bakin 'yan siyasa ba, kiran a harbe kuwa kyauta ne.

Kuma akwai wani karkataccen lissafi da ya kamata a gyara ko da kisa ko babu. Tun ƙarshen 2016 aka yi shelar duk ɗan Boko Haram da ya ajiye makami za a karɓe shi, aka buɗe cibiyar tubabbu a Gudumariya, rukunin farko sama da 100 suka fito a Disamba 2019 da sana'a a hannu. Dabarar tana da ma'ana, dan mayaƙin da ya san harbi ke jiransa ba zai taɓa fitowa daga daji ba, zai yi ta yaƙi har ya mutu da namu. Sai dai ka duba yadda abun ke fitowa a idon mutanen Boso da Tumur: wanda ya riƙe bindiga da gaske ya miƙa wuya ya samu keken ɗinki, wanda aka kama da jarkar esansi ya share shekaru a Kolo yana jiran ranar shari'a, matar da aka kashe ma miji kuma tana bakin titin Difa cikin bukkar leda, ba wanda ya zo ya tambaye ta ko sunan mamacin dan a rubuta a dosiye.